Ranar da jar hula ta koma shuɗiya

Duk wanda ya taɓa zama bisa bencin lakwal ya san labarin yarinyar nan mai jar hula, wadda uwarta ta aika ta kai wa kakarta ƴar gurasa da man shanu, ta gamu da kyarkeci a tsakiyar daji. Bafaranshe Charles Perrault ne ya buga labarin a shekarar 1697, kuma a nasa rubutun kyarkecin ya cinye kaka da jika, babu wanda ya kawo musu ɗauki. A 1812 wasu ƴan'uwa biyu Jamusawa, masu suna Grimm, suka ƙara maharbi wanda ya farke cikin dabbar ya fid da su da rai. An yi ta sake ƙarshen labarin daga ƙasa zuwa ƙasa, amma hular tana nan ja, ba wanda ya taɓa ganin laifinta.

Sai a shekarar 1953, a ƙasar Amurka, wani mai wasan barkwanci ɗan shekara 27, Stan Freberg, ya rina hular ta koma shuɗiya. Tun a buɗe wasan mai gabatarwa ya sanar, cikin muryar da ba ta da alamun wasa, cewa labarin gaskiya ne, launi kaɗai aka sake domin kada a jawo bincike. Amurkawa sun yi dariya ƙwarai, amma irin dariyar nan ce da ke da ɗaci a ƙarƙashinta, domin a wannan shekara kalmar «ja» tana iya raba mutum da aikinsa.

Tatsuniya a gidajen radiyo

Daga shekarun 1930 zuwa farkon shekarun 1950, akwatin radiyo shi ne dandalin gidan Ba'amurke. Da dare ya yi, iyali su taru gabansa su saurari labarai da kiɗa da wasannin kwaikwayo. Yara ma ba a bar su a baya ba. Gidan radiyon CBS yana da wani shiri mai suna Let's Pretend, ma'ana «mu yi kamar gaske ne», wanda wata mata mai suna Nila Mack ta riƙe tun daga 1934. Ƙananan yara ne ke fitowa a cikinsa, suna kwaikwayon tatsuniyoyin Turai da na Dare Dubu da Ɗaya tsakani da Allah, sarki na magana irin ta sarki, mayya na dariya irin ta mayya. Shirin ya kai har 1954. Ke nan duk wanda ya tashi a wancan zamani ya sha waɗannan labarai a gida, ya karanta su a makaranta, ya kuma ji su a radiyo.

Wannan sani da kowa ya yi musu shi ya mai da su jari a hannun masu barkwanci. Ɗan wasan radiyo lokacinsa ƙalilan ne, kuma mai sauraro ba ya ganin fuskarsa balle tufafinsa. In ya ƙago sabon labari, sai ya ɓata rabin lokacin wajen bayanin wane ne wane. Amma da ya ambaci yarinya da kwando da daji, to an gama, mai sauraro ya riga ya san inda aka dosa. Daga nan ko ɗan kauce wa hanya aka yi, dariya ta samu. Haka abin yake ga mai ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi: ba ya buƙatar ya ce Gizo makiri ne, yara sun sani, abin da suke jira shi ne su ji irin tarkon da zai haɗa yau.

Kowane ɗan wasa da irin tasa kaucewar. Frederick Chase Taylor, wanda masu sauraro suka sani da Kanal Stoopnagle tun shekarun 1930, ya shahara da ba da tatsuniyoyi yana musanya haruffan farko na kalmomi, kamar a ce mutum yana son faɗin «farin gida» sai bakinsa ya ce «garin fida». Labarin na tafiya daidai, harshen ne ke tuntuɓe. A 1953 kuma wani mai sa faifai a gidan radiyon WNEW na birnin Niyu Yok, Al Collins, ya karanta labarin mai jar hula da na ƴan aladu uku cikin zaurancen makaɗan jaz, bisa rubutun Steve Allen. Waɗannan duka wasa ne da harshe. Abin da Freberg ya zo da shi ya wuce nan.

Sarjan Juma'a da Sarjan Laraba

A watan Yuni na 1949 gidan radiyon NBC ya fara wani wasan ƴan sanda mai suna Dragnet, wato taru irin wanda masunta ke ja. Jack Webb ne ya ƙirƙire shi, shi ne kuma ke fitowa a matsayin Sarjan Joe Friday, sunan da ke nufin Juma'a. Ana ɗauko labaran ne daga kundin ƴan sandan birnin Los Anjeles. Sarjan ba ya ɗaga murya, ba ya dariya, ba ya nuna tausayi ko fushi. Yana faɗin rana da sa'a da minti na duk abin da ya yi, kamar mai karanta rahoto gaban shugabansa. Kowane shiri kan buɗe da wani kiɗa mai amo huɗu da ya zama sananne a duk ƙasar, sa'an nan a sanar cewa labarin gaskiya ne, sunaye kawai aka sake domin kare marasa laifi. A ƙarshe a faɗi hukuncin da kotu ta yanke. Daga 1951 wasan ya shiga telebijin, farin jininsa ya ƙaru.

Shi kuwa Freberg, haifaffen Pasadena ne a jihar Kalifoniya, a 1926, ɗan wani limamin coci. Tun yana saurayi ya fara sayar da muryarsa ga masu finafinan zane na kamfanin Warner. Daga 1949 shi da abokinsa Daws Butler suka riƙa motsa ƴan tsana a wani shirin yara na telebijin a Los Anjeles, don haka sun san kunnen yaro, sun kuma san na iyayensa. A 1953 suka ɗauki wasanni biyu a faifan garmaho guda na kamfanin Capitol, kowane kimanin minti uku, tare da wata gwanar sake murya mai suna June Foray. Jack Webb bai yi fushi ba, har ya yarda aka yi amfani da kiɗan shirinsa, kuma Walter Schumann, wanda ya tsara kiɗan, shi ya ja ragamar makaɗan.

A fuskar farko ta faifan an ɗauko tsohon labarin Kiristocin Turai na Waliyyi Jorj, jarumin da ya kashe dodo mai aman wuta ya ceci ƴar sarki. A hannun Freberg jarumin ya zama ɗan sanda mai murya irin ta Sarjan Juma'a. Laifin da ake tuhumar dodon da shi ba cin ƴan mata ba ne, a'a, cin su ne ba a lokacin da doka ta buɗe farautarsu ba. Da aka kai shi gaban shari'a sai aka kashe wutar bakinsa, aka kuma karɓe takardar izininsa. Duk ma'aikacin da ya taɓa ganin an bar babban laifi an kama mutum kan rashin hatimi zai gane inda aka sa gaba.

A ɗaya fuskar ne mai shuɗiyar hula take. A nan ɗan sandan sunansa Wednesday, wato Laraba, kamar a ce Sarjan Ɗanjuma ya koma Sarjan Balarabe. Ya tare yarinyar a daji bisa zargin fasa-ƙwaurin kayan maƙulashe. Ya buɗe kwandonta ya tarar da bindiga da wuƙa da kulki da akwatin harsasai, ya ce babu abin tuhuma a ciki, ya sallame ta. Daga baya ya gano alewar na ɓoye a wani lungu na kwandon. Sai ya riga ta zuwa gidan kakar, ya kama tsohuwar, ya kwanta a gadonta. Da yarinyar ta iso ta fara tambayoyin nan da kowane yaro ya haddace, sai ta ƙare da mamakin girman takardar sammacin da ke aljihun kakarta. Babu kyarkeci a wasan ko ɗaya. Hukuma ce ta shiga gadon tsohuwa ta yi kwanton ɓauna.

Masu sa faifai a gidajen radiyo suka yi ta maimaita shi safe da yamma. A watan Oktoba na 1953 ya hau matsayi na ɗaya a jerin mujallar Billboard, ya yi mako huɗu a can, an kuma sayar da fiye da miliyan ɗaya.

Launin da ya zama laifi

Mai karatu ba zai ji nauyin maganar sake launi ba sai ya san halin da Amurka take ciki. Ana tsakiyar yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet, kuma «ja» shi ne laƙabin ɗan gurguzu. A 1947 wani kwamitin majalisar wakilai ya kira marubuta da masu shirya finafinan Holiwud, goma daga cikinsu suka ƙi amsa tambayoyinsa, aka ɗaure su. A watan Fabrairu na 1950 Sanata Joseph McCarthy na jihar Wiskonsin ya yi iƙirarin yana riƙe da jerin sunayen ƴan gurguzu da ke aiki a ma'aikatar harkokin waje. A watan Yuni na wannan shekara aka buga wani ɗan littafi, Red Channels, ɗauke da sunayen mutum 151 na radiyo da telebijin da ake zargi da karkata ga gurguzu, cikinsu har da Orson Welles da Leonard Bernstein da mawaƙiya Lena Horne. Ba kotu ce ta fid da jerin ba, ba kuma gwamnati ba, wasu mutane ne masu zaman kansu. Duk da haka kamfanonin talla suka riƙe shi kamar doka. Bayan wata biyu aka cire ƴar wasa Jean Muir daga wani shirin telebijin saboda sunanta na ciki. A watan Disamba gidan CBS ya sa ma'aikatansa su cika takardar shaidar biyayya ga ƙasa.

Shekarar 1953 ita ce tsoron ya kai maƙura. A watan Yuni aka zartar da hukuncin kisa kan Julius da Ethel Rosenberg bisa laifin leƙen asiri. Ƙungiyar ƙwallon besbol ta birnin Cincinnati, wadda aka daɗe da sani da suna «Jajaye», ta sake suna zuwa «Masu Jan Ƙafa», ba ta koma wa na asali ba sai ƙarshen shekarun 1950. A watan Satumba aka bankaɗo cewa Lucille Ball, matar da ta fi kowa farin jini a telebijin, ta taɓa yin rajistar zaɓe a matsayin ƴar jam'iyyar gurguzu a 1936, har mijinta ya fito gaban jama'a yana cewa babu abin da ke ja a jikinta sai gashinta, shi ma rini ne. A watan Nuwamba wata mamba a hukumar littattafan makaranta ta jihar Indiyana ta nemi a cire labarin Robin Hood daga hannun yara, wai ƙwace na mai kuɗi a ba talaka aƙidar gurguzu ce.

To, a ƙasar da ƙungiyar ƙwallo ke gudun sunanta, ake kuma tuhumar gwarzon almara da siyasa, rina hular yarinya bai yi nisa da gaskiya ba. Freberg bai ambaci sunan kowa ba, bai zagi kwamiti ba, bai kare gurguzu ba. Jimla guda ya faɗa, ya wuce. Da wani ya tashi tuhumarsa, dole ya fara yarda cewa hukuma na tsoron hular ƴar tatsuniya, wannan kuwa shi ne ainihin abin dariyar. Hausawa kan ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. A nan kasuwar gaba ɗaya ta sani, amma babu mai iya kafa shaida.

Tunkiya a gaban kwamiti

A 1954 iska ta fara juyawa. A ranar 9 ga Maris ɗan jarida Edward R. Murrow ya ware shirinsa na telebijin a CBS ya nuna McCarthy da kalaman bakinsa. Daga watan Afrilu zuwa Yuni aka yi kwana 36 ana nuna zaman majalisar dattawa kan rikicin sanatan da rundunar soja, jama'a suka gan shi da idonsu yana katse shaidu da lauyoyi, yana ta kiran cewa an saɓa ƙa'idar zama.

Freberg ya sake komawa ɗakin yara. A wani faifai mai suna Point of Order, wanda aka raɗa wa suna daga wannan kira na sanatan, ya ɗauko baƙar tunkiyar da ke cikin wata waƙar reno ta Ingilishi ya zaunar da ita a kujerar shaida. Wani sanata mai jan murya ya tsare ta da tambaya kan buhunan gashinta, ba ya barin kowa ya kai ƙarshen magana. Amma a wannan karon ya matso kusa da wuta. Lauyoyin kamfanin Capitol suka sa aka rage wa wasan kaifi kafin ya fita, abin da Freberg ya daɗe yana ƙorafi a kansa. Darasin a fili yake: muddin habaici na yawo ba mai shi, ana barin sa ya wuce, da ya fara kama da mutum guda sai a nemi almakashi.

Ba daidai ba ne kuma a ce barkwanci ne ya kayar da McCarthy. Abokan aikinsa ne suka yi masa tofin Allah-tsine a majalisa ranar 2 ga Disamba 1954, da ƙuri'a 67 a kan 22, bayan sojoji da ƴan jarida da lauyoyi sun yi nasu aikin. Ya rasu a 1957. Jerin sunayen da aka hana aiki kuwa ya ci gaba da cin mutane har shekarun 1960 suka kama. Abin da faifan minti uku ya yi ƙarami ne, amma ba banza ba: ya sa mutum ya ji maƙwabcinsa na dariya kan abin da shi ma yake tsoro, ya gane ba shi kaɗai ba ne.

Mai biya shi ke da makirfo

A Amurka gidajen radiyo ba na gwamnati ba ne, talla ce ke ciyar da su. A wancan zamani kamfani guda kan sayi shiri sukutum, sunansa ya hau kai, don haka yana da ta cewa kan duk abin da za a faɗa. A watan Yuli na 1957 CBS ta ba Freberg rabin sa'a kowace Lahadi, a gurbin shahararren mai barkwanci Jack Benny. Ya taho da Butler da Foray da makaɗan Billy May. Tun shirin farko aka sami saɓani. Ya rubuta labarin gidajen caca biyu masu gasa da juna, har ɗaya ya kawo bam ɗin haidurojin domin jan ƴan kallo, garin ya hallaka. Shugabannin gidan suka ce sam, aka mai da bam ɗin girgizar ƙasa. A wani makon sai ya rama: ya fito yana rera wata tsohuwar waƙa, wani jami'in tace magana na tsaye kusa da shi yana danna ƙararrawa kan kowace kalma, wannan za ta ɓata wa tsofaffi rai, waccan ta saɓa nahawu, har waƙar ta zama abin da ba ya reruwa.

Freberg ya ƙi yarda kamfanonin taba su ɗauki nauyin shirin, wasu kamfanonin kuma ba su yarda da mutumin da ke yi wa talla ba'a ba. Bayan mako 15, a watan Oktoba, aka rufe shi. Ko ba don haka ba, lokaci ya ƙure wa irin wannan sana'a. A 1950 gida 9 cikin 100 ne ke da telebijin a Amurka, a 1960 sun kusa 90. Kuɗin talla suka bi ido suka bar kunne. Ana lissafa shirin Freberg cikin na ƙarshe a jerin manyan wasannin barkwanci na radiyon Amurka. Faifan da aka tattara zaɓaɓɓun sassansa ya ci kyautar Grammy a bikinta na farko, a 1959. Shi kansa Freberg sai ya buɗe kamfanin talla, ya yi shekaru yana sayar da kaya ta hanyar yi wa tallar kanta dariya.

Inda muryoyin suka koma

Tatsuniyar da aka karkata ba ta mutu tare da radiyo ba. A 1959 Daws Butler da June Foray suka ba da muryoyinsu ga wasu gajerun finafinan zane na Jay Ward masu suna Fractured Fairy Tales, wato karyayyun tatsuniyoyi, inda ɗan sarki kan zama ɗan kasuwa mai lissafin riba, dattijo Edward Everett Horton kuma na ba da labarin cikin natsuwa kamar ba abin da ya faru. Yara na kallon zane, iyaye na jin habaici. Fim ɗin Shrek na 2001, da ya mai da dodo gwarzo, wannan turbar ya bi. Butler ya rasu a 1988, Freberg a 2015, Foray kuma a 2017 tana da shekara 99.

Mutanen Damagaram, da suka san wasan kara, inda samari ke shiga kamannin manya su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu a gaban idonsu, ba za su yi mamakin wannan dabara ba. Abin da baki ke shakkar faɗa kai tsaye yakan ari rigar wasa ya fita. Sai dai labarin Freberg ya nuna iyakar rigar. Ta ɓoye shi daga kwamitin majalisa, ba ta ɓoye shi daga lauyan kamfani da mai biyan kuɗin talla ba. Babu ɗan sandan da ya taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa, amma an datse masa faifai, an sake masa ƙarshen wasa, an rufe masa shiri.

Faifan 1953 yana nan, ana sauraronsa a intanet. Wanda bai san tarihin ba zai ji ɗan sanda mai busasshiyar murya yana kama yarinya da kakarta kan alewa, ya yi dariya ya wuce. Wanda ya sani kuwa zai tsaya kan jimlar farko. Masu tarihi sun cika littattafai da sunaye da ranaku na wancan zamani, amma ƙalilan ne suka auna zurfin tsoron kamar yadda ta auna shi: an yi shekarar da babbar ƙasa, mai bam da jiragen yaƙi, ta ga ya fi mata kwanciyar hankali yarinyar tatsuniya ta sake hula kafin ta shiga daji.